Allon Ɗan Fashin Teku



Kalma ma tana da asali kamar ɗan Adam. Tana da garin da aka haife ta. Tana da iyaye da kakanni. Tana ƙaura daga wata ƙasa zuwa wata. Akwai kalmar da aka haifa gidan mutunci, ta yi ƙuruciya cikin girma, amma ta tsufa a bakin masu zagi. Labarin irin wannan kalma nake so mu duba yau.

Kalmar ta Ingilishi ce, harshen mutanen Ingila da Amurka, wanda maƙwabtanmu na Najeriya suke aikin gwamnati da shi. Ga yadda ake rubuta ta: sanctimonious. Harufanta 13 ne. Kada tsawonta ya ba ku tsoro. Mu yanka ta gaɓa-gaɓa yadda muka saba: sank-ti-mo-ni-yas. Gaɓa biyar ke nan.

Wani zai ce, ina ruwanmu da kalmar Nasara? Ku yi haƙuri ku biyo ni. Kalmar baƙuwa ce, amma mutumin da take siffantawa kowa ya san shi.

Me take nufi?

In mutumin Ingila ya kira wani da wannan kalma, to, ba yabonsa ya yi ba. Yana nufin mutum mai nuna tsoron Allah don a gani, kuma mai ganin ya fi kowa tsarki. Abu biyu ne suka haɗu, nuni da raini. Irin mutumin nan ne da ba a tambaye shi ba, amma sai ya san yadda ya yi kowa ya ji bai yi barci jiya ba saboda ibada. In maƙwabcinsa ya yi kuskure, shi ne na farko wajen girgiza kai da salati. Amma in ka dubi idonsa da kyau, za ka ga daɗi yake ji.

A yau masu jin Ingilishi ba su tsaya kan addini kaɗai ba. Sukan faɗi kalmar ga ɗan siyasa mai yawan wa'azin gaskiya, ko ga wanda ya daina shan taba jiya, yau kuma ya hana masu sha sakat da faɗa.

Mu ma muna da kalmomi kusa da ita. Muna da riya, wadda muka aro daga Larabci. Tushenta a can shi ne gani, wato aikin da aka yi don idon mutane. Muna da munafiki, ita ma daga Larabci. Masana wannan harshe sun danganta ta da ramin wani ɗan ɓeran hamada mai ƙofa biyu, wanda in an tare shi ta nan sai ya fita ta can. Muna kuma cewa, Musa a baki, Fir'auna a zuci. Amma duk waɗannan tun farko maganar suka ce. Ba a taɓa yabon kowa da riya ba. Kalmar Ingilishin nan kuwa da farko yabo ce, yabo ma babba. To, yaya aka yi yabo ya koma zagi?

Haihuwarta a birnin Roma

Roma birni ne a ƙasar Italiya. Kusan shekara 2000 da suka wuce mutanensa sun mallaki ƙasashe masu yawa, tun daga Masar da arewacin Afirka har Faransa da Ingila. Sunan harshensu Latin.

A Latin akwai kalma sanctus. Ma'anarta abu mai tsarki, abin da aka keɓe, wanda ba a taɓawa da wasa. Ita ce ta haifi wata kalma, sanctimonia, wato tsarkin hali da kamun kai.

Ga misalin yadda suke aiki da ita. Romawan wancan zamani alloli da yawa suke bauta wa. A tsakiyar birninsu akwai wani ɗakin bauta da ake hura wuta cikinsa, ba a barin ta ta mutu dare da rana. Mata shida ke tsaron wutar. Ana zaɓensu tun suna yara, tsakanin shekara 6 da 10, kuma kowace sai ta yi shekara 30 tana wannan aiki ba aure. Wani marubucin tarihinsu mai suna Tasitus ya ba da labarin ɗaya daga cikinsu, ana ce mata Okkiya. Ita shekara 57 ta yi tana aikin, har aka zaɓi madadinta a shekara ta 19 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Da marubucin ya tashi yabonta, wannan kalma ya ɗauko, sanctimonia. Babu ba'a cikin maganarsa ko kaɗan. Girmamawa ce zalla.

Bayan haka daular Roma ta karɓi addinin Kirista. Latin ya zama harshen coci, wato ɗakin ibadar Kirista. Aka riƙa kiran waliyyansu sanctus. Matan da suka bar aure da dukiya suka keɓe kansu don ibada kuma, ana kiran kowace sanctimonialis. Faransanci ɗan Latin ne, shi ya sa a cikinsa sanctus ta gajarce ta koma saint. Wanda ya taɓa jin sunan birnin Sanluwi na ƙasar Senegal ya ji ta, don sunan wani sarkin Faransa ne da Kiristoci suka ɗauka waliyyi. Kun ga dangin kalmarmu duka masu mutunci ne.

Yadda ta shiga Ingila

Ingila tana kan tsibiri ne, ruwan teku ya raba ta da Faransa. A shekara ta 597 masu wa'azin da Paparoma ya aika suka isa can da littattafansu na Latin. A 1066 kuma wasu mayaƙa daga arewacin Faransa suka ƙetare ruwa suka ci Ingila. Aka yi kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da sarakuna. Ta waɗannan hanyoyi biyu dubban kalmomin Latin da na Faransanci suka shiga Ingilishi. Haka mu ma muka sami kalmomin Larabci daga malamai, muka sami na Faransanci daga lakwal da bariki.

Wajen shekara ta 1600 aka fara ganin sanctimonious a rubuce cikin Ingilishi. Ta shigo da ma'anar kakanninta, wato mai tsarki. Amma tun a lokacin wata ma'ana ta biyu ta fara bin ta a baya kamar inuwa.

Marubuci ɗaya, ma'ana biyu

A wannan zamani akwai wani mai tsara wasan kwaikwayo a birnin Landan, sunansa Wiliyam Shekispiya. An haife shi a 1564, ya rasu a 1616. Har yau Ingila ba ta da marubucin da ya kai shi suna. Ya yi aiki da kalmarmu cikin wasanni biyu, kuma kowane wuri ma'anarta dabam.

Wasa ɗaya sunansa The Tempest, wato guguwa. An nuna shi a fadar sarki a 1611. A ciki wani uba ya ba wani saurayi ƴarsa, ya gargaɗe shi kada ya kusance ta sai an ɗaura aure da dukan addu'o'in da suka kamata. Waɗannan addu'o'i ne uban ya siffanta da kalmar. Nan ma'anarta mai tsarki, kamar yadda take a Roma.

Ɗaya wasan sunansa Measure for Measure. Ma'anar sunan ita ce, mudun da ka auna wa wani, da shi za a auna maka. An nuna shi a fada a ƙarshen 1604. Kusa da farkon wasan wasu maza uku suna hira bakin hanya kan maganar yaƙi. Biyu daga cikinsu suka roƙi Allah zaman lafiya, ɗaya ya yi addu'a, ɗaya ya ce amin, alhali kuwa yaƙin suke so, don a can cinsu yake. Sai na ukun, mai suna Lusiyo, ya yi musu dariya. Ya kwatanta mai amin ɗin da wani ɗan fashin teku. Ɗan fashin teku shi ne ɓarawon da ke tare jiragen ruwa na ƴan kasuwa ya kwashe kayansu. Wannan ɗan fashi, in ji Lusiyo, ba ya shiga jirginsa sai da allo mai ɗauke da dokoki goma da aka ba Annabi Musa, alaihissalam. Sai dai ya sa wuƙa ya kankare doka ɗaya daga allon. Abokan hirar ba su sha wuyar gane wadda ya kankare ba. Dokar da ta hana sata ce.

Wannan ɗan fashi shi Lusiyo ya kira sanctimonious. Nan yana cikin wurare na farko da aka ga kalmar a rubuce da ma'anar zagi.

Ku tsaya ku dubi ɗan fashin nan da kyau. Bai jefa allon cikin ruwa ba. Yana ɗauke da shi, yana son a gan shi da shi. Dokoki tara suna nan daram, kuma mai yiwuwa ne yana bin su. Wataƙila ma in ya ji ɗan jirginsa ya yi rantsuwar banza sai ya sa a yi masa bulala. Wadda ta taɓa tuwonsa ita kaɗai ya kankare.

Labarin muƙaddashin sarki

Sauran wasan duka bayanin wannan allo ne. Ga labarin a taƙaice.

Sarkin birnin Biyana ya ce zai yi tafiya. Ya bar mulki hannun wani muƙaddashi mai suna Anjelo, mutumin da kowa ya sani da kamun kai da tsanani. Sunan ma kusa yake da kalmar mala'ika a harsunan Turai. Amma sarki bai tafi ko'ina ba. Ya sake tufa, ya sa rigar masu ibada, ya zauna cikin gari yana kallo.

Anjelo ya tono wata tsohuwar doka da aka daɗe ba a aiki da ita, wadda ta yanke kisa ga mai zina. Na farko da ta kama shi ne wani saurayi, Kilaudiyo. Shi da budurwarsa sun yi alkawarin aure, ba a kai ga ɗaurawa ba ta yi ciki. Anjelo ya ce gobe a kashe shi.

Saurayin yana da ƴar'uwa mai suna Isabela, wadda take shirin shiga gidan mata masu ibada. Ta zo ta roƙi Anjelo ya yi sassauci. Da farko ya ce doka doka ce. Amma da ya dube ta sai zuciyarsa ta karkata. Ya ce mata in ta ba shi kanta, zai saki ɗan'uwanta. Ta ce za ta tona masa asiri. Ya ce mata ba wanda zai yarda da ita, don kowa ya san shi da tsarki. Kun ji inda sunan kirki ya zama makami.

Ashe Anjelo yana da wata da ya yi wa alkawarin aure tun da, sunanta Mariyana. A can iyayen amarya ke kawo dukiya gidan ango. Dukiyar Mariyana ta nutse cikin teku tare da ɗan'uwanta. Da Anjelo ya ji haka sai ya janye, ya kuma ɓata mata suna don ya sami hujja. Sarki mai ɓad da kama ya san wannan. Sai ya shirya Mariyana ta je wurin Anjelo cikin duhu a madadin Isabela. Anjelo ya ɗauka ya sami abin da yake so. Duk da haka bai cika alkawari ba, ya aika a sare kan saurayin. Mai tsaron kurkuku ya ɓoye saurayin, ya aika masa da kan wani fursuna da zazzaɓi ya kashe.

Daga ƙarshe sarki ya bayyana gaban jama'a. Asirin Anjelo ya tonu. Sarki ya sa ya auri Mariyana, sannan ya yanke masa hukuncin da shi ya yanke wa saurayin. Mudunsa aka auna masa da shi. Wa ya roƙar masa rai? Mariyana da ya wulaƙanta, da Isabela da ya nemi ɓatawa. Aka yafe masa.

Me ya ɓata kalmar?

A 1611 ma'anar kirki da ma'anar zagi suna zaune tare. Sannu a hankali ta kirkin ta mutu, ta zagin ta gaje gida. A ganina, in muna son sanin dalili, sai mu dubi halin da Ingila ta shiga a waɗannan shekaru.

A 1534 sarki Henri na 8 ya raba ƙasarsa da Paparoma, ya zama shi ne shugaban cocin Ingila. A 1547 ɗansa Edwad ya hau, aka sake yadda ake ibada. A 1553 ƴarsa Maryamu ta hau, ta mai da ƙasar ƙarƙashin Paparoma, aka ƙone mutane kusan 300 da wuta don sun ƙi bi. A 1558 ƙanwarta Elizabet ta hau, aka sake juyawa. Ku lissafa. Cikin shekara 25 ibada ta sake fuska sau huɗu. Manomin da aka haifa a 1520, kafin ya cika shekara 40 ya ga abin da aka ce masa farilla ne jiya ya zama laifi yau. Ya kuma ga manyan gari da yawa suna sake addu'a duk lokacin da aka sake sarki.

Sannan aka haɗa ibada da kuɗi. Dokar 1559 ta ce duk wanda bai je coci ran Lahadi ba zai biya tarar sule guda, wato kwabo 12. A 1581 aka ɗaga tarar masu ƙin zuwa ta kai fam 20 kowane wata. A 1673 aka yi doka cewa mai son aikin gwamnati ko muƙamin soja sai ya je cocin sarki ya karɓi gurasar ibada, ya kawo takardar shaida. Wasu suka riƙa zuwa don takardar kawai.

Akwai kuma wata jama'a da ake kira Furitan, wato masu son tsarkake addini. Da yawansu masu gaskiya ne, sun sha wuya saboda imaninsu. Amma da suka sami iko sai suka matsa wa mutane. A 1642 aka rufe gidajen wasan kwaikwayo na Landan. A 1647 aka hana bikin Kirsimeti. Da sarauta ta dawo a 1660 aka buɗe gidajen wasan, mutane suka cika su suna dariyar masu ɗaure fuska.

Duk inda nuna ibada ke kawo muƙami, rashin nunawa kuma ya kawo tara, to, masu nunin za su yi yawa. Mutanen Ingila sun yi ta ganin wannan shekara da shekaru. Har ya zama in an ce wane mai tsarki ne, sai mai ji ya taɓe baki. Kalmar ba ta yi laifi ba. Waɗanda suka yafa ta su suka sa mata wari.

Mu ma mun ga kalma ta faɗi. Almajiri asalinsa daga Larabci ne, mai barin gida don neman ilimi, suna mai daraja. Yau a bakin mutane da yawa ya koma mai bara. Dalilin faɗuwar ba ɗaya ba ne da na Ingila, amma kun ga abin da ake yi da suna shi ke ɗaga shi ko ya kayar da shi.

Satar da ba a gani

Mukan ɗauka mai tsarkin ƙarya wanda ya cuta kaɗai ya cuta. Abin ya wuce nan. Ku tuna ranar da jabun kuɗi suka shigo kasuwa. Mai jabu mutum biyu ko uku ya cuta. Amma daga ranar duk wanda aka miƙa wa jaka guda sai ya ɗaga ta sama ya duba, ko da ta gaske ce, ko da tsoho mai mutunci ne ya miƙo ta. Ciniki ya yi nauyi ga kowa.

Haka abin yake wajen tsoron Allah. Duk lokacin da asirin wani Anjelo ya tonu, yaran gari sukan ce, ai duk haka suke. Sai a koma zargin dattijon da ya yi shekara 40 yana riƙon amana. Mai tsarkin ƙarya ya saci kayan mutum ɗaya, ya kuma saci yardar da jama'a ke yi wa mutanen kirki. Kayan ana iya biya. Yarda kuwa in ta tafi tana daɗewa ba ta dawo ba. Mutanen Ingila kalma guda suka rasa ta haka, har yau ba su iya yabon waliyyi da ita ba.

Tambayoyi uku masu wuya

Wani zai ce: malam, rijiyar da aka gina don a gani, ai ruwanta yana kashe ƙishirwa. Ba gara mai riya da marowaci ba? Gaskiya ne, ruwan yana shayuwa, kuma mu sha mu gode. Ladan mai rijiya tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Amma ku tuna kalmarmu abu biyu ta haɗa, nuni da raini. In mai rijiya ya tsaya bakinta kullum yana gori, yana nuna wa masu ɗiba su ba kowa ba ne, to, ruwan ba kyauta ba ne. Da mutuncinsu suke saye.

Wani kuma zai ce: wa ya san zuciyar wani? Ba wanda ya sani sai Allah. Saboda haka bai kamata mu ga mutum ya daɗe a sujada mu ce riya ce ba. Wannan zalunci ne. Amma ɗan fashin teku ya koya mana inda za mu duba ba tare da mun leƙa zuciya ba. Kada dokoki taran da mutum ke karantawa da ƙarfi su ɗauke mana hankali. Mu dubi wurin da ibada za ta ci masa wani abu. In ɗan kasuwa ne, tiyar da yake saye da ita lokacin kaka ita ce yake sayarwa da ita lokacin da rumbuna suka ƙare? In an ba shi riƙon gonar maraya, da yaron ya girma ya mayar? Ɗan ƙwadago ya sami kuɗinsa da yamma, ko an ce ya dawo gobe? In uwargida ce mai carbi a hannu, kishiyarta da ɗan riƙo me suke ji daga bakinta? Waɗannan abubuwa a fili suke. Da su za mu san wanda za mu ba ajiya. Hukuncin lahira kuwa ba namu ba ne.

Na uku zai ce: to, tun da haka ne, bari in daina aikin alheri a fili, kada a ce riya nake. Wannan ma kuskure ne. Wanda ya bar alheri don tsoron bakin mutane, idon mutane ne dai ke juya shi, kamar yadda yake juya mai riya. In aikin ya kama a yi shi a fili, a yi. Ga awo mai sauƙi da kowa zai iya yi wa kansa: da a ce ba wanda zai sani, zan yi wannan aiki? Kuma in na ji wani ya yi wanda ya fi nawa, daɗi nake ji ko zafi?

Wa ya faɗi kalmar?

Saura abu ɗaya da na ajiye. Kun tuna Lusiyo, wanda ya ba da misalin ɗan fashin teku? Ya iya ganin laifin wasu ƙwarai, bakinsa kuma da kaifi. Amma a cikin wasan shi maƙaryaci ne. Ya yi ta ɓata sunan sarki a bayan idonsa, bai san da sarkin yake magana ba. Ya kuma yi wa wata mata ciki, ya rantse gaban shari'a ba nasa ba ne, ya bar ta da ɗa. Ranar da asirin Anjelo ya tonu, ranar nasa ya tonu. Sarki ya tilasta masa ya aure ta.

Wato wanda ya yi wa ɗan fashi dariya, shi ma akwai dokar da ya kankare daga allonsa. Anjelo yana jin ya fi mutane don yana ɗaure fuska. Lusiyo yana jin ya fi Anjelo don shi ba ya ɗaurewa. Raini ɗaya ne a zukatan su biyun. Haka kalmar nan take har yau: mai jifan wani da ita sau da yawa yana jin daɗin cewa shi ya fi, kuma wannan jin daɗi shi ne ainihin ciwon da kalmar ke nufi. Magabata sun ce, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na san tun da kuka fara karatun nan kowa ya tuna da wani a garinsu. Ni ma da nake rubutawa na tuna da mutum biyu ko uku. Wannan ba wuya. Mai wuyar ita ce mutum ya ɗauko nasa allo da dare, lokacin da ba kowa, ya shafa shi da hannu ya nemi inda aka kankare. Wani nasa wajen awo ne. Wani wajen bashi. Wani wajen iyali. Wani wajen harshe. Wanda ya sami wurin, sai ya jiƙa tawada ya sake rubuta dokar, ya fara binta tun gobe da safe, ba sai ya gaya wa kowa ba.

In kun taru da dare wajen karatu, ga abin da za ku tattauna:

1. Me ya sa ɗan fashin teku bai jefar da allon gaba ɗaya ba?
2. Mariyana da Isabela sun roƙar wa Anjelo rai. Sun yi daidai, ko da an bar shi da mudunsa?
3. Wace kalma kuka sani cikin Hausa wadda da yabo ce, yau ta koma zagi?

Allah ya sa cikinmu ya fi wajenmu kyau. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.